Tafiyar Abdulkarim: Yadda Masana na Ƙasashe Dabam-dabam Suka Yi Aiki Tare

A zamanin nan namu da wuya ka ga wani babban aikin binciken ilmi wanda mutanen ƙasa ɗaya suka yi su kaɗai. In an tashi neman maganin wata cuta, ko neman irin gero mai jure fari, sai a tara masana daga gabas da yamma, wannan Bajamushe, wancan Ba'indiye, ga mutumin Nijeriya, ga na Nijar, duk su sa kai ga aiki ɗaya. Ta haka aka kawar da cutar agana daga duniya, har aka yi shelar ƙarewarta cikin shekara ta 1980. Ta haka kuma a ke aiki a manyan gidajen binciken noma, kamar wanda aka kafa a Ibadan cikin 1967, da na Sadore kusa da Yamai.

To, tara mutane wuri ɗaya ba shi da wuya, sa su fahimci juna shi ne aiki. Kowa da harshensa, kowa da irin gaisuwarsa, kowa kuma da abin da ya ɗauka ladabi da abin da ya ɗauka raini. Mutum yana iya zama gwani wajen lissafi ko awon taurari, amma in bai iya zama da mutane ba, ilminsa ba ya kai shi ko'ina.

Don mu ga gaskiyar wannan magana, bari mu duba labarin wata tafiya da aka yi cikin ƙasashenmu daga 1850 zuwa 1855. Turawa huɗu ne suka shugabanci aikin, uku da farko, ɗaya daga baya. Ɗaya tak ya koma gida da ransa.

Mafarin Tafiya

Cikin shekara ta 1849 Gwamnatin Ingila ta yi niyyar aika mutane su ƙetare Hamada, su ga ƙasashen da ke kudu da ita, su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna. Wanda ya kawo shawarar wani Baturen Ingila ne mai suna James Richardson. Ya riga ya taɓa zuwa Gadamas da Gat, babban abin da ke ransa kuwa shi ne a hana cinikin bayi. Amma shi ba masanin kimiyya ba ne, saboda haka aka ce a nemo masa masana. Bunsen, jakadan Sarkin Furushiya a Landan, watau ɗaya daga cikin ƙasashen Jamus na wancan zamani, shi ya taimaka aka samo samari biyu, dukansu haifaffun birnin Hambug.

Na farko shi ne Dokta Heinrich Barth, wanda aka haifa cikin 1821. Ya karanta tarihi da labarin ƙasa a Jami'ar Barlin, ya kuma yi shekara fiye da biyu yana yawo ƙasashen bakin Bahar Rum, tun daga Maroko har Masar da Sham, ya iya Larabci. Na biyu shi ne Dokta Adolf Overweg, wanda aka haifa cikin 1822, masanin duwatsu da taurari.

Ku duba irin wannan haɗi. Kuɗi da tuta na Ingila, shugaba mutumin Ingila, masana Jamusawa, barori Larabawa da mutanen Fezan, ja-gaba Buzaye. Suka tashi daga Tarabulus a ƙarshen watan Maris 1850, har da wani jirgin ruwa da aka ƙera a Malta, aka rarraba shi aka ɗora wa raƙuma, don a shiga Tafkin Chadi da shi. Kowanne ya samu sunan da bakin mutanen hanya zai iya faɗi. Richardson ya zama Yakubu, Overweg ya zama Ɗabibu, watau mai magani, Barth kuwa ya kira kansa Abdulkarim, sunan da aka san shi da shi tun daga Agadas har Tumbutu.

Saɓani da Dutsen Aljannu

Tun ba a yi nisa ba sai zama ya fara tsami tsakanin Turawan su kansu. An dai rubuta a takarda cewa Richardson ne shugaba, Jamusawa kuwa bincike ne aikinsu, amma takarda ba ta daidaita hali. Richardson mutum ne mai bin abu a hankali, yana tsimin kuɗin Gwamnati. Jamusawan samari ne masu zafin nama, suna ganin kowace rana da aka kwana a zango hasara ce. Su kan yi gaba su bar shi a baya. Shi yana ganin ba su ba shi girmansa, su suna ganin yana da sanyin jiki, kowanne kuma ya kan juye ƙorafinsa cikin littafin tafiyarsa maimakon ya faɗa wa ɗan'uwansa. Wannan kuwa hatsari ne ga ayari, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A tsakiyar watan Yuli suka iso kusa da Gat, inda akwai wani babban dutse da a ke kira Idinen. Buzaye suka ce gidan aljannu ne, kada kowa ya kusance shi, kuma ba wanda ya yarda ya raka su. Barth ya ɗauki maganar camfi ce kawai. Ya saɓi 'yar salka, ya ɗebi dabino da busasshiyar gurasa, ya tafi. Overweg ya biyo shi, amma ya komo da baya. Barth ya hau har ƙoli bai sami kome ba, wajen saukowa ya ɓata, ruwa ya ƙare. Ya kwana gindin wani itace marar ganye, ya harba bindiga ba wanda ya zo. Kashegari ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga jikinsa ya tsotsi jininsa. Da yamma wani Buzu ya biyo sawunsa bisa raƙumi. Abin da Barth ya iya furtawa kalma ɗaya ce, aman, watau ruwa da harshen Buzaye.

Mu lura da abin da ya faru a nan. Buzaye sun faɗi gaskiya da irin bakinsu. Wurin ba ruwa, nisansa yana ruɗin ido, wanda ya shiga da ƙyar ya ke fita. Barth ya ji kalmar aljannu, ya yar da maganar duka, da ɓawon da ƙwayar. Da ya tsaya ya tambaya me ya taɓa samun waɗanda suka je, da bai sha wannan wahala ba.

Cikin watan Agusta kuma, a bakin ƙasar Azbin, aka tare ayarin, aka yi musu barazanar kisa, sai da suka fanshi kansu da kaya masu yawa. Tun daga nan talauci ya zama abokin tafiyarsu.

Harshe Mabuɗin Gari

Abin da ya bambanta Barth da sauran shi ne bai yarda ya dogara ga tafinta ba. Tun cikin Hamada ya fara koyon harshen Buzaye, ya kuma fara koyon Hausa, don Abzinawan da su ke tafiya tare suna yin ta ƙwarai, su da barorinsu. Da ya je Agadas shi kaɗai cikin watan Oktoba 1850 ya riga ya iya mu'amala da ita. Sarkin Agadas Abdulƙadiri ya karɓe shi, har ya ba shi takardu zuwa ga sarakunan ƙasar Hausa. Daga baya ya koyi Barbarci da Fillanci da harshen Songai.

Ga yadda ya ke yin aikinsa. In an sauka zango, sai ya zauna da fatake da alhazai da bayi, ya yi ta tambaya. Daga wannan gari zuwa wancan kwana nawa ne? Ina rijiya? Wa ke sarauta? Me a ke sayarwa a kasuwa? Ya rubuta, sa'an nan ya sake tambayar wani dabam don ya gwada maganar biyu. A kan hanya yana riƙe da kamfas da agogo, yana rubuta inda suka dosa da tsawon lokacin da suka yi. Waɗannan takardu ne a ke aikawa Turai ta hannun ayari, inda wani Bajamushe mai zanen taswira, August Petermann, ya ke mai da su taswira. Ashe taswirar da Turawa suka yi alfahari da ita, rabinta daga bakin fatake ta fito.

Cikin Janairu 1851, a ƙasar Damargu, mutanen uku suka rabu, don guzuri ya yi ƙasa, kuma mutum ɗaya bai kai uku jawo ido ba. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, Barth ya nufi Katsina da Kano, suka yi alkawarin gamuwa a Kukawa.

A Katsina Barth ya koyi wani harshe wanda ba a rubuta shi cikin ƙamus, watau harshen gaisuwa. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya ga abin da baƙon ya kawo bai kai ba, ya tsare shi kwanaki. Ga Bature kyauta abu ne na ganin dama, amma a fadar sarakunan wancan zamani gaisuwa ita ce ke nuna matsayin baƙo da matsayin da ya ba mai gari. Barth ya riƙe wannan karatu. Da ya sake biyowa ta Katsina cikin 1853 zai tafi yamma, sai ya sayi riguna da rawuna da turkuɗi masu yawa, don ya san su ne za su buɗe masa ƙofofi.

Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman, ba kuɗi ga zazzaɓi. Duk da haka ya zaga birni bisa doki, ya zana taswirarsa, ya ƙiyasta mazaunansa sun kai 30,000, su kan kuma ninka haka lokacin cin kasuwa da rani. Ya bayyana yadda saƙa da rini na Kano ke tufasar da mutane har Tumbutu da Murzuk.

Kukawa, Yola da Chadi

Richardson bai cika alkawarin Kukawa ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Ngurutuwa ran 4 ga Maris 1851, saura 'yan kwanaki ya isa. Barth ya ji labari a hanya, ya ratse ya ziyarci kabarinsa, ya isa Kukawa ran 2 ga Afrilu. Ya tarad da bashi, ga barori suna neman ladansu. Abin da ya cece shi shi ne amincin da ya shiga tsakaninsa da Shehu Umar da Wazirinsa Alhaji Bashir. Waziri mutum ne mai son hira ta ilmi, ta hannunsa kuma Barth ya samu tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma wanda Limam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta.

Daga nan ya tafi Adamawa, ya ƙetare Binuwai ran 18 ga Yuni 1851, ya shiga Yola. Amma bai daɗe ba Lamiɗo Lawal ya ce ya fita. Dalili kuwa, ya zo tare da manzon Shehun Barno, manzon kuwa yana ɗauke da takardu game da wata ƙasar kan iyaka da Barno da Adamawa ke jayayya a kanta. Lamiɗo ya ɗauki baƙon da manzon duk tafiyarsu ɗaya. Iya harshe bai isa ba, sai mutum ya san wa ke gaba da wa, ya kuma san abin da ke cikin jakar abokin tafiyarsa.

Shi kuwa Overweg ya harhaɗa jirgin nan, ya shiga Tafkin Chadi, ya yi makonni cikin tsibiran Buduma, mutanen da maƙwabtansu ke jin tsoro, suka kuwa karɓe shi da kyau, don mutum ne mai fara'a da son mutane. Amma yana da aibi ɗaya. Ba ya zama ya gyara rubutunsa, sai dai ya yi 'yan zane-zane da fensir waɗanda shi kaɗai ya ke ganewa, da nufin zai gyara in ya koma gida. Bai koma ba. Ya rasu a Maduwari, bakin tafkin, ran 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30. Da aka kai takardunsa Turai, da yawa ba su karantu ba. Ilmin da ya sayo da ransa ya bi shi kabari.

Akwai kuma wani abu da ba za a ɓoye ba. A ƙarshen 1851 su biyun sun bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, don ba wata hanyar ganin ƙasar. Harin kuwa na kamun bayi ne. Barth ya rubuta kisa da ƙone-ƙonen da ya gani bai rage kome ba, amma a Ingila an zarge su da cewa an aike su hana abu sun koma 'yan rakiyarsa. Mai aiki a ƙasar wani ya kan sami kansa a irin wannan matsatsi, inda biyan bukatar bincike ke karo da abin da zuciya ta ƙi.

Zama da Malamai

Turawa da yawa na wancan zamani sun ɗauka Afirka ba ta da tarihi rubutacce. Barth bai zo da wannan tunani ba. Duk garin da ya sauka sai ya tambayi ina malamai, ya je musu kamar almajiri. A Bagarmi, cikin 1852, an yi masa zaton ɗan leƙen asiri, har aka sa shi a mari kwanaki. Amma a Masenya, babban birnin ƙasar, ya gamu da wani malami Bafilace makaho, Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Masar, ya san littattafan Aflatun da Aristo da aka juya da Larabci. Suka riƙa zama kullum suna hirar tarihi da taurari. A can ne kuma takarda ta iske shi daga Landan, an naɗa shi shugaban tafiyar.

Ya bar Kukawa cikin Nuwamba 1852 ya nufi yamma. Cikin Afrilu 1853 ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya ba shi takardar aminci. A Wurno ya zauna da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, ya kuma shaida cewa yana cikin mafiya ilmi na zamaninsa. A Gwandu wani malami ya ara masa Tarihus Sudan, littafin da ke ba da labarin daular Songai. Ya yi kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya. Ta nan ne mutanen Turai suka fara sanin wannan tarihi sosai. Amma ya yi kuskure ɗaya. Ya ce Ahmad Baba ne ya wallafa littafin, alhali kuwa Abdurrahman as-Sa'adi ne, sai daga baya masana suka gyara.

Abin lura shi ne, ba a ara wa baƙo littafi sai an ga ya san darajarsa. Da Barth ya zo da girman kai, da waɗannan littattafai suna nan cikin gafakarsu, ya wuce bai ko ji labarinsu ba.

Amanar Shehu Bakkayi

Ya ƙetare Kwara a Sayi cikin Yuni 1853. A hanya ya ɗauki wani mutumin Walata, mai jin harsuna da yawa, don ya zama ja-gabansa. Da suka kusa ƙasar da ke ƙarƙashin Filanin Masina, inda a ke ganin Nasara ba zai wuce da rai ba, sai Barth ya ɓad da kama, ya ce shi sharifi ne daga gabas yana kai wa Shehun Tumbutu littattafai. Dabarar ta wuce da shi, amma ta sa wuyansa a hannun ja-gaban. Mutumin ya yi ta cin dukiyarsa, Barth yana gani ba shi da bakin magana, don in ya tona shi, shi ma za a tona nasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ya shiga Tumbutu ran 7 ga Satumba 1853, nan da nan kuwa aka gane ko shi wane ne. Sarkin Masina da ke Hamdullahi ya aiko a kore shi ko a miƙa shi. Sai Shehu Ahmadul Bakkayi, babban malamin Kunta, ya tsaya ya ce baƙon yana cikin amanarsa. Ya rubuta wa Hamdullahi takardu yana kafa hujja da shari'a cewa ba a taɓa baƙon da ya shigo da aminci. In gari ya yi zafi sai ya fita da shi zuwa zangonsa a bayan gari. Haka aka yi wata da watanni.

Mutanen nan biyu addininsu ba ɗaya ba ne, ba kuwa wanda ya bar nasa. Su kan zauna su yi muhawara a kan addini da tarihi da mulkin ƙasashe, kowa ya faɗi abin da ya gaskata, ba zagi ba raini. Barth ya karanta Alƙur'ani, saboda haka yana magana da sanin abin da abokinsa ke girmamawa. Cikin Mayu 1854 suka kama hanya, Shehu da kansa ya raka shi har Gawo.

Gamuwa Cikin Daji

A wannan lokaci labari ya bazu a Turai cewa Barth ya mutu. Gwamnatin Ingila kuwa ta riga ta aiko da wani saurayi Bajamushe masanin taurari, Eduard Vogel, tare da sojan Ingila biyu. Ran 1 ga Disamba 1854, cikin wani daji kusa da Bundi, tsakanin Kano da Kukawa, sai ga Barth ga Vogel, ba wanda ya san ɗan'uwansa na tafe. Suka sauka, suka sha gahawa, suka yi hira da harshen garinsu. Barth ya yi shekara biyu bai ga Bature ba.

Vogel gwani ne wajen awon taurari, da shi aka gyara matsayin garuruwa da yawa a taswira. Amma bai ba da ƙarfi ga koyon harsuna kamar Barth ba, kuma shi da ɗaya daga cikin sojan nan, mai suna Church, sun kasa jituwa, har sai da Barth ya tafi da sojan gida don a raba su. Vogel ya zaga Bauci da Zariya da Binuwai, sa'an nan ya shiga Wadai, inda a ke tsananin zargin baƙi. A can aka kashe shi cikin 1856.

Kada mai karatu ya ce iya zama da mutane shi kaɗai ya tsirar da Barth. Zazzaɓi ne ya kashe Richardson da Overweg, shi ma ya sha kwanciya, ƙarfin jiki da rabo sun taimake shi. Amma sau da yawa abin da ya tsaya tsakaninsa da takobi shi ne wani mutum da ya yarda da shi, yardar kuwa da magana aka gina ta.

Waɗanda Ba a Cika Ambata Ba

Barth ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta 1855, ya shiga Landan cikin Satumba, bayan tafiyar mil wajen 10,000. Ba shi kaɗai ya yi ta ba. Akwai Muhammadu mutumin Gatrun ta ƙasar Fezan, amintaccen baransa, wanda ya san raƙuma da rijiyoyi, wanda kuma daga baya ya raka wani Bajamushe, Nachtigal. Akwai yara biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega Bamargi. Su biyun sun bi Barth har Ingila da Jamus. A Ingila wani mai binciken harsuna, J. F. Schön, ya zauna da Dorugu yana rubuta abin da ya ke faɗi, labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, ya yi amfani da su cikin nahawun Hausa na 1862, da littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya komo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, ya rasu a Kano cikin 1912. Abbega kuwa har ya yi sarauta a Lakwaja.

Barth ya buga labarin tafiyarsa cikin littafi biyar, da Ingilishi da Jamusanci, daga 1857 zuwa 1858, ya kuma ambaci sunayen mutane da yawa da suka ba shi labari. Daga baya ya buga littafin kalmomin harsuna, har da Hausa da Barbarci da Fillanci. Abin mamaki, mutumin da ya iya zama da Buzaye da Barebari da Filani ya kasa jituwa da manyan Landan. Shi mutum ne mai saurin jin an raina shi, waɗansunsu kuma ba su ji daɗin a ce Bajamushe ne ya ɗauki sunan aikin Ingila ba. Littafinsa bai yi kasuwa kamar na Livingstone ba. Da Shehu Bakkayi ya aiko da jakadu har Tarabulus da nufin su wuce Ingila, sai aka mai da su daga can, abin ya ɓata wa Barth rai ƙwarai, don yana ganin an kunyata shi gaban wanda ya ceci ransa. Ya koma Jamus, ya rasu a Barlin ran 25 ga Nuwamba 1865, yana da shekara 44.

Abin da Za Mu Ɗauka

Yau mai bincike ba ya bukatar raƙumi, jirgin sama ya kan kai shi cikin yini ɗaya inda Barth ya yi wata shida bai kai ba. Amma abin da ke tsakanin mutum da mutum bai sake ba.

Na farko, abokan aiki su faɗa wa juna abin da ke ransu tun yana ƙarami, kada su bar shi cikin littafi kamar Richardson da Jamusawansa. Na biyu, a koyi harshen mutanen da a ke aiki cikinsu, ko da gaisuwa da sunayen abubuwa ne. Na uku, in mutanen wuri sun yi gargaɗi da irin bakinsu, a tambayi abin da ke ƙarƙashin maganar kafin a yar da ita. Manomin da ya ce wannan fadama ba ta son a shuka mata kaza, wataƙila yana faɗin abin da awon ƙasa zai tabbatar daga baya. Na huɗu, a rubuta abin da aka gano yadda wani zai iya karantawa, don ba wanda ya san ranarsa. Na biyar, a ambaci sunan kowa da ya sa hannu, a kuma cika alkawarin da aka yi wa mai masauki bayan an koma gida.

Wannan karatu bai tsaya ga masu digiri kaɗai ba. Duk wanda malamin gona ko malamin asibiti ko baƙo mai bincike ya zo garinsu yana tambaya, ya sani abin da ke kansa ilmi ne, kamar yadda na fataken nan ya zama taswira. Ya faɗi gaskiyar abin da ya sani, ya kuma tambayi me za a yi da shi. Har yanzu a Agadas da Tumbutu ana nuna gidajen da Abdulkarim ya sauka, masu rubuta tarihin Kano da Barno da Sakkwato kuma suna buɗe littattafansa. Abin da su ke samu a ciki kuwa, yawancinsa maganar kakanninmu ce, wadda wani baƙo ya zauna ya saurara da kunnen basira. Matambayi ba ya ɓata.